HANNATU: SUNAN DA YAKE NUFIN ALHERI

Karatu: 1 Sama'ila sura 1 da ta 2, da Luka 2:36-38

  

Yau za mu yi magana a kan suna guda ɗaya, wato Hannatu. Da wuya a sami ikkilisiya a ƙasarmu wadda babu Hannatu a cikinta. In ka shiga taron Zumuntar Mata ka kira wannan suna, mata biyu ko uku za su waiwayo. Akwai kaka Hannatu, akwai mama Hannatu, akwai kuma ƙaramar Hannatu a makarantar Lahadi. Amma mu nawa ne muka san inda sunan ya fito, da abin da yake nufi? Hausawa sun ce suna linzami ne. Ya kamata mu san irin linzamin da muke sa wa 'ya'yanmu.

Inda sunan ya fito

Asalin sunan daga Ibrananci ne, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi. Ibraniyawa suna cewa Hanna, suna fitar da harafin farko daga maƙogwaro. Sunan ya fito daga kalmar hanan, wadda take nufin a yi wa mutum alheri. Daga wannan saiwa kuma aka sami kalmar hen, wato alheri ko tagomashi. Wannan shi ne alherin da babba yake yi wa ƙarami domin ya ga dama. Ƙaramin bai biya ba, bai kuma yi aikin da za a ce ladansa ke nan ba.

Wuri na fari da kalmar hen ta bayyana cikin Littafi Mai Tsarki shi ne Farawa 6:8, inda aka faɗa mana Nuhu ya sami tagomashi a gaban Ubangiji. Saiwar hanan kuma tana cikin albarkar da aka umarci Haruna ya riƙa sa wa jama'a a Littafin Ƙidaya sura 6. Akwai waɗansu sunaye da suka fito daga saiwa ɗaya da Hannatu. Yohanna yana nufin Ubangiji ya yi alheri. Hananiya ma haka. Saboda haka in akwai Yohanna da Hannatu a gida ɗaya, magana ɗaya sunayensu suke faɗa.

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci. Helenawa ba su da wannan harafi na maƙogwaro, sai sunan ya koma Anna a bakinsu. Daga nan ya bi ta Latin ya shiga harsunan Turai, ya zama Anna, Anne, Ann ko Ana. Mu kuma me ya sa muke cewa Hannatu? Larabawa suna da wani harafi da suke rubutawa a ƙarshen sunan mace, wanda yakan fito kamar "tu" in an karanta sunan a cike. Hausa ta ɗauki wannan hanya. Shi ya sa muke da Saratu, Rifkatu da Lai'atu, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna da A'ishatu da Hadizatu. Su ma suna sa wa 'ya'yansu Hannatu, gama malamansu na tafsiri suna kiran mahaifiyar Maryamu Hanna. Littafi Mai Tsarki bai faɗi sunan mahaifiyar Maryamu ba, amma wani tsohon rubutu na Kirista daga ƙarni na 2 ya kira ta Anna.

A shekara ta 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya yi shekaru da yawa a ƙasar Zariya, yana cikin manyan waɗanda suka yi wannan fassara. A wurare da yawa 'yan mishan na SIM da SUM sun yi wa'azi da koyarwa cikin Hausa, ko da yake kowace kabila tana da harshenta. Sa'ad da kakanninmu suka ba da gaskiya aka yi musu baftisma, da yawa sun zaɓi suna daga cikin wannan Littafi. Ta haka Hannatu ta shigo gidajen Berom da Ngas da Bajju da Tangale da Bura da sauranmu.

Yau waɗansu suna sa wa 'yarsu Grace, waɗansu Alheri, 'yan'uwanmu Ibo kuma suna cewa Amarachi. Dukansu suna nuna abu ɗaya da Hannatu. Kada kuma mu rena sunayen harsunanmu. A ƙasar Filato akwai sunaye da yawa da suke farawa da Nan, suna ɗauke da sunan Allah a cikinsu. In akwai kalmar alheri a harshenku, ku sa wa 'yarku. Allah yana jin kowane harshe.

Matar da sunanta bai yi kama da zamanta ba

Yanzu bari mu duba matar da ta fara ɗaukar wannan suna cikin Littafi Mai Tsarki. Ta yi zamanta wajen ƙarni na 11 kafin haihuwar Almasihu, a ƙarshen zamanin mahukunta, tun Isra'ila ba ta yi sarki ba. Mijinta Elkana ne, mutumin Rama a ƙasar tuddai ta Ifraimu. Yana da mata biyu, Hannatu da Feninna. Feninna tana da 'ya'ya mata da maza. Hannatu ba ta da ko ɗaya.

Kowace shekara iyalin sukan tafi Shilo yin sujada, gama a can alfarwa ta sujada take a lokacin. Shilo tana wajen kilomita 30 arewa da Urushalima. Bayan an miƙa hadaya akan raba nama. Feninna takan karɓi nata da na 'ya'yanta, Hannatu kuwa ta karɓi nata ita kaɗai. A wannan lokaci ne Feninna takan tsokane ta, har ta yi ta kuka ta kāsa cin abinci. Ku lura, a wurin sujada ake yin wannan, ba a kasuwa ba. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Da Hausa muna cewa kishiya, daga kalmar kishi. Kalmar da aka kira Feninna da ita cikin Ibrananci tana da dangantaka da wahala da ƙunci. Harsunan nan biyu sun shaida abin da yakan faru a irin wannan gida.

Elkana yana ƙaunar Hannatu. Bai kore ta ba, bai kuma mayar da ita gidan iyayenta ba. Wannan abin yabo ne. Amma da ya gan ta tana kuka, sai ya tambaye ta ko shi bai fi mata 'ya'ya goma ba. Yana da 'ya'yansa ta wurin Feninna, don haka bai ji zafin yadda ita take ji ba. Ba mu kuma karanta cewa ya tsawata wa Feninna ba. Maigida, ƙauna a baki ba ta isa ba in ana wulakanta matarka a gabanka ka yi shiru.

Ku yi tunani a kan wannan. Kullum safiya ana kiranta Alheri. Alheri, kawo ruwa. Alheri, ga baƙi sun zo. Maƙwabta kuma suna iya cewa a zuciyarsu, wane alheri ke nan? Wataƙila ita kanta ta yi wa kanta wannan tambaya da dare.

Addu'ar da ba a ji muryarta ba

Wata shekara a Shilo, bayan an gama ci da sha, Hannatu ta tashi ta tafi gaban Ubangiji. Eli firist yana zaune kusa da ƙofa. Ta yi addu'a da kuka mai zafi, ta yi wa'adi cewa in Ubangiji ya ba ta ɗa namiji za ta mayar masa da shi dukan kwanakin ransa, aska kuma ba za ta taɓa kansa ba. Leɓunanta suna motsi amma murya ba ta fita. Eli ya ɗauka ta bugu da ruwan inabi, ya tsawata mata.

Mu masu aikin ikkilisiya, fastoci da masu bishara da dattawa, wannan gargaɗi ne a gare mu. Babban firist ya dubi mace mai baƙin ciki ya yanke mata hukunci tun bai tambaye ta ba. Sa'ad da mace ta zauna a bayan majami'a ba ta waƙa, ba ta magana, mu fara tambayarta abin da yake damunta.

Hannatu ta amsa masa da ladabi. Ta bayyana masa cewa ba ta sha komai ba, damuwarta ce take zubawa a gaban Ubangiji. Eli ya gane, ya sa mata albarka, ya sallame ta da salama. A aya ta 18 ta roƙe shi ya dube ta da tagomashi. Kalmar da ta yi amfani da ita a nan ita ce hen, saiwar sunanta. Wadda ake kira Alheri tana roƙon alheri.

Sai me ya faru? Wannan ayar ta gaya mana ta tafi, ta ci abinci, fuskarta kuma ta daina nuna baƙin ciki. Jama'a, a wannan sa'a ba ta da ciki. Feninna tana nan, 'ya'yan Feninna suna nan, hanyar komawa Rama ita ce dai ta dā. Babu abin da ya canja a gidan. Abin da ya canja shi ne ta sauke kayanta a gaban Allah, ta kuma gaskata ya ji ta. Alherin Allah ya same ta tun kafin Sama'ila ya zo. Sunanta gaskiya ne tun tana bakarariya.

Wannan ita ce zuciyar maganarmu ta yau. Ba haihuwa ce ta mai da ita Hannatu ba. Iyayenta sun ba ta sunan tun tana jaririya, ba ta yi wa kowa aikin komai ba. Haka alheri yake. Manzo Bulus ya koya mana a Afisawa sura 2 cewa ceton kansa ta wurin alheri ne, kyauta ce ta Allah, domin kada kowa ya yi fahariya.

Daga baya Ubangiji ya tuna da ita, ta haifi ɗa, ta sa masa suna Sama'ila domin ta roƙo shi daga wurin Ubangiji. Da ta yaye shi ta kai shi Shilo ta bar shi wurin Eli. Uwa ta san wuyar wannan. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Abin da ta karɓa kyauta ba ta riƙe shi kamar ita ta saya ba. Ubangiji ya ƙara mata 'ya'ya maza 3 da mata 2. Sama'ila kuwa ya zama annabin da ya zuba wa Saul da Dawuda mai domin su zama sarakuna. Addu'ar godiya da ta yi a sura 2 tana ɗaukaka Allah mai ɗaga matalauta da ƙasƙantar da masu girmankai, tana kuma kama da yabon da Maryamu ta yi a Luka sura 1.

Hannatu ta biyu

Wani zai ce, to, ai ƙarshen labarin haihuwa ce, kowace mace da ta yi addu'a kamar Hannatu za ta haihu ke nan. Mu yi hankali a nan. Allah yana amsa addu'a, mun kuwa gaskata yana iya buɗe mahaifa har yau. Amma wannan labari bai yi wa kowace mace alkawarin ɗa ba. Shi ya sa yana da kyau mu dubi Hannatu ta biyu.

Tana cikin Luka sura 2. Annabiya ce, 'yar Fanuyila, daga kabilar Ashiru. Shekara 7 kaɗai ta yi da mijinta ya rasu. Luka ya ambaci shekara 84, ko dai shekarunta na haihuwa ko kuwa na zaman gwauranci. Ko wanne ne, tsohuwa ce ƙwarai. Luka bai ambaci ɗa ko jika nata ba. Abin da ya faɗa shi ne ba ta rabuwa da Haikali, tana sujada dare da rana da azumi da addu'a. Ranar da Yusufu da Maryamu suka kawo jariri Yesu Haikali, tana wurin. Ta gode wa Allah, ta kuma ba da labarinsa ga dukan masu sauraron fansar Urushalima.

Ga mata biyu masu suna ɗaya. Ta fari ta rungumi ɗan da ta roƙa. Ta biyu ta ga Mai Ceto da idonta, ta zama cikin na fari da suka yi shelarsa. Wace ce a cikinsu Allah bai yi wa alheri ba? Dukansu biyu Hannatu ne.

Abin da wannan yake nufi a gidajenmu

Na fari, maganar matar da ba ta haihu ba tukuna. Mun san abin da yake faruwa. Shekara biyu bayan aure dangin miji sun fara gunaguni. Ana kiranta juya. Ana cewa wani zunubi ta yi a ɓoye, ko kuwa ana zarginta da maita. Ana zuga miji ya kawo wata, ko da shi ɗan ikkilisiya ne. Ku sāke karanta 1 Sama'ila sura 1. Ba a ɗora wa Hannatu laifi ko ɗaya ba. Saratu ta jira, Rifkatu ta jira, Rahila ta jira. Alisabatu ta tsufa ba ta haihu ba, Luka kuwa ya shaida ita da mijinta masu adalci ne a gaban Allah.

A shekara ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa wajen mutum 1 cikin 6 yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci cikin rayuwarsa. Likitoci sun kuma nuna cewa sau da yawa matsalar tana wajen namiji, ko kuwa wajen su biyun. Saboda haka, maigida, kada ka tura matarka asibiti ita kaɗai. Ku tafi tare, a gwada ku duka. Akwai cututtuka da suke hana haihuwa waɗanda suke jin magani in an gano su da wuri. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana labarin Hannatu ta biyu likita ne.

Ku yi hankali kuma da masu sayar da mai da ruwa, masu cewa a kawo kuɗi kaza kafin mahaifa ta buɗe. Iyalai sun sayar da awaki da hatsin shekara saboda irin waɗannan mutane. Abin da ake saya da kuɗi ba alheri ba ne, ciniki ne. Eli bai karɓi komai daga hannun Hannatu ba kafin ya sa mata albarka.

Ke uwar miji, surukarki 'yar wata ce. Ki tuna akwai ranar da aka haife ta, aka yi murna, aka raɗa mata suna. Ki zama mata uwa. Kada a sami Feninna a gidan mai bi.

Na biyu, maganar 'ya mace. A waɗansu gidaje in an haifi namiji sai a yi guɗa, in mace ce sai a ce, to, Allah ya kawo na gaba. Akwai mazan da suke fushi da matansu domin suna haihuwar mata zalla, alhali ilimin likita ya nuna daga wajen uba ne ake samun abin da yake sa jariri ya zama namiji ko mace. Baba, in ka sa wa 'yarka suna Hannatu, ka shaida a gaban jama'a cewa Allah ya yi maka alheri. Kada aikinka ya ƙaryata bakinka. In kuɗin makaranta ya yi kaɗan, kada kullum ita ce za a fara cirewa. Kada a aurar da ita tana yarinya domin sadaki. Ayuba sura 42 ta faɗi sunayen 'ya'yansa mata uku, ta kuma ce ya ba su gādo tare da 'yan'uwansu maza.

Na uku, gare ki ke mai wannan suna. Suna ba laya ba ne. Ba ya kāre mutum daga wahala, ba ya kuma kai kowa sama. Hananiya na Ayyukan Manzanni sura 5 yana da suna mai kyau, amma ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya. Sunanki yana nuna miki hanya zuwa wurin Mai alheri, Yesu Almasihu, wanda ya mutu dominki ya kuma tashi. Sai ki karɓe shi da kanki, gama iyayenki ba za su iya ba da gaskiya a madadinki ba. In kuwa kin karɓa, ki zama mai yi wa waɗansu alheri. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wataƙila kuma kina sauraronmu yanzu, sunanki ba Hannatu ba ne. Wataƙila Ladi ce ke ko Talatu, an sa miki sunan ranar da aka haife ki. Wataƙila an ba ki suna na baƙin ciki domin waɗanda aka haifa kafin ke sun mutu. Wataƙila kina kuka a ɓoye, leɓunanki suna motsi ba mai ji. Allah da ya ji Hannatu a Shilo yana jinki a ɗakinki. Ki faɗa masa duka. Sa'an nan ki tashi, ki wanke fuska, ki ci abinci.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, Allah mai alheri, mun gode maka domin 'ya'yanmu mata da ka ba mu. Ka koya mana mu riƙe su kamar kyauta daga hannunka. Muna kawo maka 'yan'uwanmu mata da maza da suke jiran haihuwa. Ka dube su, ka ji kukansu, in nufinka ne ka ba su 'ya'ya. Ka ba su salama tun kafin amsa ta zo. Ka ta'azantar da gwauraye. Ka tsare bakinmu daga maganar da take ƙara wa mai ciwo ciwo. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Jama'a, a wannan mako ku zauna da iyalinku ku karanta waɗannan surori. Ku faɗa wa kowane yaro ma'anar sunansa da dalilin da ya sa kuka ba shi. Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Alherin Ubangiji Yesu ya kasance tare da ku duka.